Kwaɗon Sista Vernetta

A cocin Dutsen Zaitun, cocinmu na baƙaƙen fata, kowa ya san hannun da ke yin kwaɗon dankali. Shekara ashirin da shida ke nan, ko rasuwa aka yi ko aure, ko fasto ne ya ƙara shekara a kan mumbari, Sista Vernetta Pickens ce ke shigowa da babbar robarta mai shuɗin murfi, ta dire ta a tsakiyar tebur, tsakanin soyayyar kaza da dafaffen ganye. Mu ba ma cin kwaɗon kowa da kowa. Kafin mutum ya miƙa cokali sai ya karkata ya tambayi na kusa da shi wa ya yi, don akwai hannun da ba a yarda da shi ba, akwai ma wadda ta taɓa zuba zabibi a ciki kamar wata Baturiya, har yau ba a daina yi mata gori ba. In dai aka ce na Vernetta ne, kafin fasto ya gama gaisawa da mutane an suɗe robar.

Wannan sunan shi ne duk abin da ta mallaka. Mijinta ya rasu, gidan da take ciki na haya ne, aikinta dafa wa 'yan firamare abincin rana, saura shekara biyu ta yi ritaya. Amma in ta shiga coci ana matsa mata wuri a benci na uku, kuma tana jin daɗin hakan, ba ta ɓoyewa.

Ana nan sai takardar kotu ta zo mata. An zaɓe ta cikin mutum goma sha biyun nan da ake tsamowa daga jama'ar gari, su zauna a ɗaki rufe, lauyan gwamnati ya kawo musu shaidu, su kuma su ce a gurfanar da wanda ake zargi ko a ƙyale shi. Kowace Laraba za su zauna, har wata huɗu. Ranar farko ta ɗaga hannu ta rantse cewa abin da ta gani a ɗakin, da abin da ta ji, da inda ta jefa ƙuri'arta, ba za su fita daga bakinta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Alƙali ya ƙara musu da cewa wanda ya fasa wannan rantsuwar gidan yari zai tafi. Vernetta ba ta ga abin wahala ba a nan. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuskurenta ɗaya ne, kuma kowace mace a cocinmu za ta yi shi. Laraba ranar karatun Littafi Mai Tsarki ce a coci, ba a fashinta haka kawai. In kika ce ba ki da lafiya, Sista Earline za ta ɗauko miya ta zo har gida ta ga ciwon da idonta. Don haka Vernetta ta miƙe a gaban mata ta faɗi gaskiya, cewa kotu ce ta kira ta, har da ɗan gyara wuyan riga. Aka kewaye ta aka yi mata addu'ar Allah ya ba ta hikimar Sulemanu. A lokacin ƙararrakin da ake kawo musu na satar mota ne da fasa shago, ba wanda ya damu.

A wata na uku aka kawo musu maganar Dontrell Mayfield.

Ba sai an gaya wa kowa a garin nan wane ne shi ba. Saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, mai kula da tsofaffi a wani gidan jinya, 'yan sanda biyu suka tsayar da shi da la'asar sakaliya saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Harsashi uku aka harba masa, ya rasu. Abin da aka nuna wa jama'a a talabijin daga faifan bidiyon 'yan sandan daƙiƙa goma sha ɗaya ne, ba murya, sai hannun yaron yana barin sitiyari yana tafiya dama. Shugaban 'yan sanda ya ce ya ƙi bin umarni. Tun daga ranar gari ya rabu biyu kamar an ja layi da alli. A unguwanninmu hotonsa na jikin riguna da tagogin shagunan aski. A ƙetaren kogi, inda fararen fata suke, an kakkafa alluna a ƙofar gida ana yi wa 'yan sanda godiya. A kicin ɗin makaranta, shugabar Vernetta, wata farar fata da suka shekara goma suna raba shayi, ta koma kashe rediyo da zarar ta ji takunta, sai ta hau yi mata zancen ruwan sama.

Su 'yan sha biyun an kunna musu faifan duka, da murya. Vernetta ta ji da kunnenta. Hannayen yaron biyu na kan sitiyari, ya ce yallaɓai, ga hannuna. Ɗan sanda na farko ya ce ya kawo takardun inshora. Ya ce yallaɓai, suna cikin aljihun mota, yallaɓai, zan ɗauko yanzu. A daidai lokacin na biyun, da ke ɗaya tagar, ya daka tsawa kada ya motsa. Umarni biyu a numfashi ɗaya, yaron ya bi na farko. Bayan ƙarar bindigar ya ƙara cewa yallaɓai sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman izinin fita daga aji. Ta ƙirga, sau huɗu ke nan.

Sai lauyan gwamnati ya kawo wani ƙwararre mai jar lakataya, ya yi musu awa biyu yana bayanin cewa doka ba ta tambayar abin da ke cikin aljihun motar, abin da take tambaya shi ne ko ɗan sandan da ya yi harbin ya ji tsoro a wannan ƙiftawar idon. Ana bukatar hannu tara kafin a gurfanar da ɗan sandan. Da aka zo ɗagawa Vernetta ta miƙa nata har kafaɗarta ta yi ƙara. Ta waiwaya ta ga hannu uku kacal bayan nata, duk na fararen fata, ciki har da wata tsohuwar malamar lissafi da ba ta taɓa ko gaishe ta ba. Baƙaƙen fata su biyu ne a ɗakin, ita da Baba Purnell, tsohon direban bas ɗan shekara saba'in. Hannun Baba Purnell na kan cinyarsa, bai ɗaga ba.

Ta tare shi a bakin famfon shan ruwa. Ta kafe shi da ido.

"'Yar'uwa, dokar da suka karanta mana ba ta bar ƙofa ba," in ji shi. "Na duba, na sake dubawa. Ni kuma na rantse zan bi ta."

Hawaye na bin tamojin fuskarsa. Ta so ta tsane shi, abin ya ƙi yiwuwa, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Ranar Juma'a da rana lauyan gwamnati ya fito a talabijin, ga tuta a bayansa. Ya ce ba shi ya yanke ba, jama'ar gari ne suka yanke, mutum goma sha biyu. Sannan ya ƙara wata magana da ba wanda ya tambaye shi: cewa akwai baƙaƙen fata biyu a cikinsu, kuma waɗanda suka ƙi a gurfanar ba masu launin fata ɗaya ba ne. Ya tattara takardunsa ya shige. Mutumin ya san abin da yake yi. Ya san mu, ya san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ɗan sandan yana can ƙetaren kogi da masu gadi a ƙofarsa, lauyan yana hawa na tara, ba mai iya kai musu. Amma baƙar fata biyu, ai waɗannan a cikinmu suke.

Kafin rana ta faɗi matan Laraba sun gama lissafi. Ba wadda ta yi da mugunta, in ka tambaye su. Wannan ta gaya wa 'yarta, waccan ta faɗa a wurin gyaran gashi, zuwa wayewar garin Asabar sunan Vernetta na yawo a wayoyi, har da hotonta na bikin Ista da farar hula.

Tana feraye dankali a kicin sai ga 'yarta Charmaine ta shigo ba sallama. Charmaine ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da aka kashe yaron ita ke riƙe lasifika a gaban masu zanga-zanga, muryarta duk ta dishe. Ta ajiye waya a gaban uwarta ta ce ta karanta. Vernetta ta ce ba ta sa tabarau ba. Sai Charmaine ta karanta mata: baiwar cikin gida, 'yar koren Turawa, mai dafa wa yaranmu abinci da rana ta sayar da su ran Laraba.

"Mama, ba cewa na yi ki ba ni labari ba. Kalma ɗaya. Kin ɗaga hannu ko ba ki ɗaga ba?"

"Miƙo min tukunyar can."

"Ni ce fa, Mama. Ni kika haifa."

"Don na san wadda na haifa ne nake cewa ki miƙo min tukunya."

Gaskiya ta faɗa. Charmaine ba ta iya riƙe magana in tana ganin za ta wanke uwarta, kafin dankalin ya dahu duk gari ya ji ta lasifika. Daga nan sai sammaci, sai aikin makaranta ya tafi da fanshon gaba ɗaya. Wannan ma da sauƙi. Lauya ya ce su biyu ne, ya kuma ce aƙalla ɗaya ya ƙi. Ranar da Vernetta ta ce ba ita ba ce, ta nuna Baba Purnell da yatsa ke nan, kuma yaran nan masu waya ba za su kwana biyu ba su gano gidansa ba. Tsoho ne mai ciwon sukari, shi kaɗai yake zaune. Gaba damisa, baya siyaki.

Charmaine ta tsaya tana kallon dankalin. Ta tambaya ko dai da gaske uwarta na shirin kai kwaɗo coci gobe, bayan duk wannan. Vernetta ta ce shekara ashirin da shida ba ta taɓa fashi ba. Charmaine ta ce to ita ba za ta zauna kusa da ita ba, kada ta ji haushi, akwai mutanen da ke kallonta ita ma. Ta fita. Vernetta ta ci gaba da feraya, zuciyarta na ƙuna, har ta yanke ɗan yatsa ba ta sani ba sai da ta ga ja a ruwan.

Ranar Lahadi coci-cocin unguwa suka haɗu a Dutsen Zaitun don yi wa iyalan Mayfield addu'a, saboda zaurenmu ya fi girma. Iyalan ba 'yan cocinmu ba ne, Vernetta ba ta taɓa ganin uwar yaron ido da ido ba sai ranar: Gwendolyn Mayfield, doguwa, siririya, da baƙar riga, tana zaune a gaba kamar an dasa ta. Har wani fasto farar fata ya zo daga ƙetaren kogi da mutanensa takwas, suka zauna a gefe guda, duk sun rasa inda za su sa hannuwansu. Fasto Whitlow ya yi wa'azi a kan Bilatus da ya wanke hannu, da kuma Yahuza da ya ci abinci a kwano ɗaya da Ubangiji. Bai kalli benci na uku ba. Ba sai ya kalla ba, mutum ɗari uku sun kalla masa. Yau ma an matsa mata wuri, wuri mai faɗi, har mutum biyu za su iya kwanciya a kowane gefenta.

Da aka sauko zauren cin abinci ta dire robarta inda ta saba. Ta yi shi yadda take yi kullum, ƙwai goma sha biyu, mayonis da mastad daidai, garin jan tattasai an barbaɗa a sama. Sai ga wata roba a gefenta, ta Sista Earline, wadda kowa ya san kwaɗonta ruwa-ruwa yake kamar kunu. Layi ya fara tafiya. Kowa ya zo sai ya karkata ya yi tambayar nan da aka saba, a ba shi amsa, cokalinsa ya tsallake shuɗin murfi ya faɗa kunun Earline. Wani dattijo da ya shekara ashirin yana roƙonta ta ajiye masa ragowa ya wuce yana kallon silin. Charmaine ta zo ta tsaya, ta daɗe, sannan ta ɗebi ganye kawai.

Baƙin ƙetaren kogi ne kaɗai ba su san ana tambaya ba. Suka ɗiba suka ci, suka ƙara. Matar faston nasu ta ɗaga murya tana tambayar wace mai albarka ce ta yi wannan, a nuna mata ita ta karɓi sirrin haɗin. Can daga baya wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, ai dama ta san masu cin girkinta. Gara ma a ce ba wanda ya taɓa.

Vernetta ta rufe robar ta ɗauka ta shige kicin ɗin coci. Ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta dafa bakin wurin wanke-wanke. Ba kuka take ba, abin ya wuce kuka. Ta ɗaga hannu a ɗakin can bai yi amfani ba, ta rufe baki a nan bai yi amfani ba, ta rasa abin da ya rage mutum ya yi da jikinsa.

Aka turo ƙofa, aka mayar aka rufe. Gwendolyn Mayfield ce.

Vernetta ta kashe famfo ta goge hannu. Ta shirya wa mari, ta shirya wa tofin yawu, ta kuma shirya wa tambayar da kowa ke yi. Matar ta tsaya nesa kaɗan, tana murza madaurin jakarta. Ta ce an nuna mata ita. Ta ce ba ta zo tambayar ƙuri'a ba, ƙuri'a ba za ta tono mata ɗa ba. Lauyanta ya nemi a ba su faifan duka, an ce sai kotu ta yarda, wataƙila baɗi, wataƙila ba za a bayar ba sam.

"Ke kin ji muryar, Sista."

Gwendolyn ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Tun yana shekara goma sha biyu nake zaunar da shi. Hannu a kan sitiyari. Ka ce yallaɓai. Kada ka motsa sai ka faɗi abin da za ka ɗauko. Har wasa muke yi a mota, ni ce 'yar sanda, yana min dariya." Ta ƙara murza madaurin jakar. "Sun ce ya ƙi bin umarni. Wata biyar ina zuwa kabarinsa ina masa faɗa. Ina cewa Dontrell, me na gaya maka? Ni dai so nake in sani, ya manta ne?"

Vernetta ta kalli ƙofar. Ta san abin da ta faɗa yanzu gobe yana kunnen lauyan matar, jibi yana gaban alƙali, kuma ba wuyar gane bakin da ya fito. Ta tuna rantsuwarta, hannu a sama. Ta hana 'yar cikinta kalma ɗaya, ta bar sunanta na shekara ashirin da shida ya zube a zauren can, duk don kada ta fasa. Amma ita ma uwa ce, ita ma ta taɓa zaunar da Charmaine a mota ta yi mata wannan karatun.

"Bai manta ba," in ji ta. Muryarta ta fito kamar ba tata ba. "Hannunsa biyu na kan sitiyari. Ya faɗi inda takardun suke, ya faɗi zai ɗauko. Cewa aka yi ya ɗauko. Ya ce yallaɓai sau huɗu."

"Sau huɗu."

"Na ƙirga. Duk abin da kika koya masa ya yi, 'yar'uwa. Bai bar ko ɗaya ba."

Ta zaci matar za ta faɗi, har ta miƙa hannu. Ba ta faɗi ba. Ta rufe ido, ta gyaɗa kai a hankali, leɓenta na motsi, da alama da yaron take magana, haƙuri take ba shi. Vernetta ta ji wani abu ya ɗan sauka daga ƙirjinta. Ta ce a ranta ko gidan yarin ne a je, aƙalla wannan ɗaya ta yi amfani.

Sai Gwendolyn ta buɗe ido. Babu sauƙin da Vernetta ta zata a cikinsu, tsoro ne sabo fil.

"Da ya manta ne, da na san abin da zan gyara," ta ce. "Ƙaninsa ya cika sha shida. Ranar Talata zai je karɓo lasin tuƙi." Ta matso taku ɗaya. "Ke kin zauna a ɗakin, kin ji dokar da kunnenki. To gaya min, Sista, shi me zan koya masa?"

A zaure an fara tattara kujeru, ana jin ƙarar ƙarfe a kan siminti. Vernetta ta buɗe baki. Ta lalubi awa biyun mai jar lakataya, ta lalubi duk abin da aka karanta musu a wata huɗu, ta lalubi karatun Laraba na shekara da shekaru, ba ta samo komai ba. Matar kuwa na tsaye a gabanta riƙe da jaka, ba gatse take ba, da gaske amsa take jira.